Shin Ko Kun San? Wata Shida a Ƙafa Cikin Tsaunukan Amurka

Shin ko kun san a gabashin Amurka akwai wata hanyar ƙafa mai tsawon kusan kilomita 3,500, wadda mota ba ta bi, babur ba ya bi? Sunanta Hanyar Appalachian. Ta tashi daga Dutsen Springer a jihar Jojiya, ta bi ta kan tsaunuka ta keta jihohi 14, sannan ta tuƙe a ƙololuwar Dutsen Katahdin a jihar Maine. In kuna son ku auna ta, ku ɗauka mutum ya taka daga Kano zuwa Legas, ya dawo Kano, ya sake komawa Legas, kuma har yanzu da sauran tafiya a gabansa.

Kowace shekara mutum sama da 3,000 ke goya jaka da niyyar taka ta daga farko har ƙarshe a tafiya ɗaya. Wata biyar zuwa bakwai ake yi. A cikin kowane mutum huɗu, ɗaya ne ke kaiwa.

Shin ko kun san tsawonta ba ya tsayawa wuri ɗaya? Kusan duk shekara sai an kauce wa wata zaizaya, ko an gina sabuwar gada, ko an karkatar da wani yanki, sai lissafin ya ƙaru ko ya ragu. Wanda ya gama bara da wanda zai gama bana ba tafiya ɗaya suka yi ba.

Shin ko kun san duwatsun nan ba wasu dogaye ba ne? Wuri mafi tsayi a kan hanyar shi ne Kuwohi, mita 2,025, a kan iyakar Tennessee da North Carolina. Kilimanjaro na Tanzaniya ya kusa ninka shi uku. To ina wahalar take? Tana cikin hawa da gangara. Ka hau, ka sauka, ka sake hawa, ka sake sauka, kullum ta Allah, har wata shida. Hukumar da ke kula da hanyar ta ce in aka tara wannan hawa da saukar, ya kai a hau Everest daga bakin teku a sauko har sau 16. Wani abin kuma, waɗanda suka fitar da hanyar a jihohin arewa ba su damu da yin kwana-kwana don rage tsaurin hawa ba. Inda dutse ya miƙe, hanyar ma miƙewa take yi, sai ka kama saiwar itace da hannu ka ja jikinka.

Shi wannan Kuwohi, sai a Satumban 2024 aka mayar masa da sunan da ƙabilar Cherokee ke kiransa da shi tun fil azal. Kafin nan sunan wani janar na yaƙin basasar Amurka, Clingman, yake ɗauke da shi.

Wuri mafi ƙasa kuwa, mita 38 kacal sama da teku, yana cikin wani gidan namun daji a jihar New York. Hanyar ta ratsa ta tsakiyarsa, ta wuce daidai gaban kejin beyar.

Shin ko kun san akwai wata bishiya a Jojiya da ke ɗauke da takalma a madadin 'ya'ya? Tana wani wuri da ake kira Neels Gap, kimanin kilomita 50 daga mafarin hanya, wato tafiyar kwana uku ko huɗu. Nan ne mutum ke fara cin karo da shago a bakin titin mota bayan ya sha ruwan sama, ƙafarsa ta yi bororo, kafaɗunsa sun yi tsami. An ce da yawa a nan suke ɗaure igiyar takalmansu su wurga sama, su nemi mota sai gida. A wurin akwai wani tsohon ginin dutse wanda hanyar ta bi ta ƙarƙashin rufinsa, cikinsa kuma da shagon kayan tafiya. Masu shagon suna da wata al'ada: za su sa ka zazzage jakarka kaf a ƙasa, su bi kayan ɗaya bayan ɗaya. Wannan gatarin na mene ne? Wando uku, ƙafa nawa gare ka? Wannan katon littafin fa, da tukunya biyu, da kwalbar sabulun wanka? Abin da aka tsince sai a zuba a kwali a aika maka gida ta gidan waya. Mutum ya shiga da kilo 22, ya fito da 14, yana jin kamar an sake haihuwarsa.

A nan, a ganina, sirrin tafiyar duka yake. Mutane na tsoron namun daji da tsayin dutse, alhali abin da ke kayar da su yana goye a bayansu. Sabon shiga yakan cika jaka da abin da yake tsoro: mai tsoron sanyi ya lodo riguna, mai tsoron yunwa ya lodo gwangwanaye. Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce kada jaka ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita. Ruwa kaɗai lita ɗaya kilo ɗaya ne. Shi ya sa za ka ga ƙwararre ya datse mariƙin burushin haƙorinsa, ya yanke rarar igiyoyin jaka, ya yage shafukan littafin jagora da ya riga ya wuce. Kuma jakar kirki ba a kafaɗa nauyinta ke zama ba. Ɗamarar ƙugu ce ke ɗaukar mafi yawansa.

Shin ko kun san macen da ta fara taka hanyar ita kaɗai a tafiya ɗaya kaka ce mai shekara 67? Emma Gatewood, 'yar jihar Ohio, uwar 'ya'ya 11, wadda ta sha duka a hannun miji shekara da shekaru kafin aurensu ya mutu. Ta ga labarin hanyar a mujallar National Geographic, inda aka nuna abin kamar yawon shan iska. A 1954 ta gwada daga Maine, ta ɓata a daji, gilashin idonta ya fashe, aka ce ta koma gida. Ba ta gaya wa kowa ba. A Mayun 1955 ta ce wa 'ya'yanta za ta ɗan taka, ba ta ce ina ba. Ba tanti, ba jakar barci, ba taswira. Buhu ta ɗinka da hannunta ta rataya a kafaɗa ɗaya, ta saka bargon soja, da rigar ruwa, da labulen leda na banɗaki wanda take kafawa in hadari ya taso. A ƙafarta takalmin kambas ne. In dare ya yi sanyi sai ta gasa duwatsu a wuta ta kwanta a kansu. In ta ga gida sai ta ƙwanƙwasa ta nemi wurin kwana. Kwana 146 ta yi. A 1957 ta sake, daga baya ta yi ta uku guntu-guntu. Bakinta kuma bai mutu ba: ta gaya wa 'yan jarida cewa hanyar ba ta kama ƙafar yadda aka zuzuta ta ba, wurare da dama ta cushe, alamomi sun goge. Wannan ƙorafin na cikin abin da ya jawo hankali aka gyara ta.

Shin ko kun san yunwa ba ta barin mai wannan tafiya? Jikinsa na iya ƙona kalori 5,000 zuwa 6,000 a rana, ninki biyu na mai zaman ofis, kuma ba zai iya goya abincin da zai biya wannan bashin ba. Abin da akasari ake ɗauka bai cika kilo ɗaya a rana ba: taliya mai saurin dahuwa, markaɗaɗɗiyar gyaɗa, garin dankali, cakulan, cuku. Ba daɗi ake nema ba, ƙarfi ake nema a cikin abu marar nauyi. Duk kwana uku zuwa biyar sai a gangaro wani ƙauye a yi sayayya, ko a karɓi kwalin guzurin da dangi suka aiko gidan waya. In irin waɗannan mutane suka shiga gidan abincin da ake biya sau ɗaya a ci har a ƙoshi, mai gidan ya shiga uku.

A tsakiyar hanya, a gandun Pine Grove Furnace na jihar Pennsylvania, akwai gasar shanye askirim kusan lita 2 a zama ɗaya. Ladan wanda ya iya? Ɗan cokalin katako.

Takalmi kuwa ƙafa huɗu ko biyar ake kashewa. Ƙafar kanta takan buɗe ta ƙara lamba ɗaya ko fiye, saboda haka wanda ya sayi takalman tafiyar duka tun daga gida ya yi asara. Pennsylvania ta fi ko'ina cin takalmi, don dogon yankinta na arewa tsakuwa ce masu kaifi a tsaitsaye.

Shin ko kun san ɗan fenti ne ke riƙe da ran matafiyi? Farin zane ne mai faɗin santimita 5 da tsawon 15, a jikin itace ko dutse, kuma an ƙiyasta akwai kusan 165,000 daga Jojiya zuwa Maine. In ka ga biyu, ɗaya bisa ɗaya, to ka nutsu, kwana na tafe. Shuɗi na nufin reshe ne, mai zuwa rafi ko wurin kwana. Can saman duwatsu inda itace ba ya tsira, tulin duwatsu ake bi. 'Yan sa kai ne ke shafa fentin nan, su sare itacen da ya faɗi, su gyara rumfunan kwana sama da 250, ta hannun ƙungiyoyi kusan 30, ba ko sisi.

Kada ku raina fentin. A Yulin 2013 wata mata mai shekara 66 ta ratse daga hanya a dajin Maine don ta kewaya, da ta juyo ba ta gane inda ta fito ba. Ta yi ta tura wa mijinta saƙon waya, babu sabis, ta haura tudu neman sabis ta ƙara nisa. An baza masu nema da karnuka da jirage ba a dace ba. Sai a Oktoban 2015 aka tsinci gawarta cikin tantinta, 'yan kilomita kaɗan daga hanyar. Littafin da take rubutu a ciki ya nuna ta rayu aƙalla kwana 26 tana jira.

Shin ko kun san ɓera ya fi beyar damun mutane? Baƙin beyar na dajin nan matsoraci ne, yawanci ƙeyarsa kawai za ka gani yana gudu. Abincinka yake so, shi ya sa ake rataye guzuri a reshe, kamar mita 3 da rabi daga ƙasa kuma nesa da gindin itacen, ko a kulle shi cikin wata gora mai tauri da ba ya iya buɗewa. Amma rumfunan kwana, masu bango uku da buɗaɗɗen gaba, mulkin ɓeraye ne. Da an kashe tocila za su fito su bi ta kan fuskar mai barci. A rumfuna da dama za ka ga igiyoyi na reto daga rufi, kowace an zura mata gwangwanin kifi a kife a tsakiya, da ɗan kara a ƙarshenta. A karan ake rataye jaka. Ɓeran da ya biyo igiya, in ya iso gwangwanin, santsi ya kwashe shi. Tsofaffin hannu kuma a buɗe suke barin zif ɗin jaka, don gara ɓera ya shiga ya duba ya fita da ya huda ta.

Wadda ta fi su duka haɗari ita ce kaska. Ƙaramarta ba ta kai milimita 2 ba, amma tana ɗauke da cutar Lyme, mai kawo zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, wadda aka raɗa wa sunan wani gari a Connecticut inda aka lura da ita a 1975. Sai ruwan rafi: ko ya fi gilashi haske sai an tace, in ba haka ba gudawa ta kwantar da mutum mako guda a inda ba asibiti.

Shin ko kun san sanyi na kisa ko da ruwa bai daskare ba? Jiƙa da iska da gajiya sun isa. Duk hawan mita 1,000 zafin iska na raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Rigar auduga in ta jiƙe sai ta manne a jiki tana zuƙe ɗumi, don haka ba ta da wuri a jakar mai hankali. Ulu ko yadin roba ake sawa. Alamar farko karkarwa ce, sai harshe ya fara sarƙewa, sai mutum ya kasa ɗaure igiyar takalminsa.

A kan Dutsen Washington na New Hampshire, wanda hanyar ta bi ta ƙololuwarsa, an auna iska mai gudun kilomita 372 a awa ɗaya ranar 12 ga Afrilun 1934. Sai a 1996 aka auna wadda ta fi ta, a wata guguwa a Ostareliya. Tsayin dutsen mita 1,917 ne kawai, amma ya ci rayuka sama da 150.

A Maine akwai wani kwazazzabo, Mahoosuc Notch, tsawonsa bai fi kilomita ɗaya da rabi da 'yan kai ba, amma yana cin awa biyu zuwa uku. Manyan duwatsu ne suka rufto suka cika shi. Wani wurin sai ka cire jaka ka tura ta cikin rami, ka bi ta da rarrafe. A ƙarƙashin duwatsun akan tarar da ƙanƙara har a tsakiyar bazararsu.

Shin ko kun san akwai inda hanyar ta zama kwale-kwale? A Kogin Kennebec akwai madatsar ruwa can sama, in aka saki ruwa kogin kan cika cikin ɗan lokaci, ya fi ƙarfin mai tsallakawa da ƙafa. Bayan wata mata ta nutse a 1985 aka sa mai fito, kyauta. A cikin kwale-kwalen an shafa farin fentin nan, don kada wani mai taurin kai ya ce shiga jirgi ha'inci ne. Sauran rafukan da ƙafa ake tsallake su, kuma doka ta farko ita ce a kwance ɗamarar jaka, don in ruwa ya kayar da kai ka iya sulluɓewa daga cikinta.

Gaba kaɗan kuma sai daji mai tsawon kilomita 160 ba gari, tsakanin Monson da gindin Katahdin. Allon da ke bakinsa na gargaɗin kada a shiga sai da guzurin kwana 10.

Shin ko kun san a kan hanyar ba a kiran mutum da sunan yanka? Laƙabi ake ba shi, yawanci daga wata wauta da ya tafka ko abincin da ya fi so, har a yi wata uku tare ba a san sunan juna na gaskiya ba. Akwai kuma mutanen gari da ke ajiye akwatin lemo mai sanyi a bakin daji, ko su ɗauki matafiyi mai warin mako guda a motarsu su kai shi kasuwa, ba su karɓi komai ba.

Shin ko kun san wanda ya kawo shawarar hanyar bai taɓa nufin a taka ta duka ba? Benton MacKaye, masanin gandun daji, ya rubuta shawarar a 1921, yana mafarkin sansanoni da gonaki inda ma'aikatan birni za su riƙa hutawa. Wanda ya tsaya aka yi aikin wani lauya ne mai zafin nama, Myron Avery, wanda ya riƙa tura wilin awo cikin daji yana ƙirga tsawo. Su biyun sun ɓata a kan titunan mota da gwamnati ke shimfiɗawa a kan tsaunukan, suka daina magana. An haɗe hanyar a Agustan 1937, aka ba ta kariyar dokar tarayya a 1968.

A 1948 wani tsohon soja, Earl Shaffer, wanda aka kashe amininsa a yaƙin Iwo Jima, ya shiga dajin don ya fitar da yaƙin daga ransa. Bayan wata huɗu ya ɓullo a Katahdin. Da farko jami'an hanyar ba su yarda ba, sai da ya baje hotuna da littafin tafiyarsa. Ya sake a 1965, ya kuma sake a 1998 yana da shekara 79.

A 1990 Bill Irwin, makaho, ya taka ta da karen jagorarsa Orient cikin wata takwas. Ya faɗi sau dubbai, har da karayar haƙarƙari. A 2021 M. J. Eberhart ya gama yana da shekara 83. A 2024 kuma Tara Dower ta ƙare ta cikin kwana 40 da awa 18, kusan kilomita 87 kullum, ta karya tarihin da wani likitan haƙori ɗan Beljiyam, Karel Sabbe, ya kafa a 2018. Sai dai ita da ayari take tafe, masu ciyar da ita da ɗaukar mata kaya. Bajinta ce babba, amma wasa ne daban da na mai goyon tukunyarsa.

Shin ko kun san tsaunukan nan na da 'yan uwa a Afirka? Masana ilimin ƙasa sun ce kimanin shekara miliyan 300 da suka wuce Afirka da Amurka ta Arewa sun yi karo suka tayar da jerin duwatsu guda, daga baya Tekun Atlantika ya buɗe ya raba su. Wani ɓari ya tsaya a Amurka, wani a Sikotland, wani kuma shi ne tsaunukan Anti-Atlas na Maroko. Da wannan hujjar aka ƙirƙiro ci gaban hanyar na ƙasa da ƙasa, wanda ya shiga Kanada, ya tsallaka Turai, har ya taɓa Maroko.

Hanyar Appalachian kuma ita ce ƙarama a cikin manyan hanyoyin ƙafa uku na Amurka. Ta Pacific Crest kilomita 4,265 ce daga iyakar Meksiko zuwa Kanada, tana haurawa sama da mita 4,000, amma da yake an tsara ta yadda doki zai iya bi, hawanta ya fi sauƙi a gwiwa. Matsalarta ƙishirwar hamada da dusar ƙanƙara. Ta Continental Divide ta kusa kilomita 5,000. A 2001 Brian Robinson ya haɗa ukun cikin shekara ɗaya.

Shin ko kun san mai tafiya arewa da agogo yake tsere? Yawanci a Maris ko Afrilu ake tashi daga Jojiya, domin wajen tsakiyar Oktoba gandun Baxter, inda Katahdin yake, na rufe sansanoninsa, sanyi kuma na iya sa a rufe hawan dutsen ko wace rana. Hawan ƙarshe kilomita 8 ne, ana haura kusan mita 1,300, wani wurin da taimakon ƙarafan da aka kafa a jikin dutse. A sama akwai allon katako wanda mutane ke rungumewa suna kuka. Babu mota a can, babu titi. Bayan hoto sai ka sake gangaro kilomita 8 da ƙafafun nan dai.

Masu gandun kuma ba sa wasa. A 2015 shahararren ɗan tsere Scott Jurek ya iso allon bayan kwana 46 da awa 8, sabon tarihi a lokacin, aka fasa kwalbar barasa ana murna. Jami'an gandun suka rubuta masa takardar sammaci, daga bisani ya biya tarar dala 500.